KARE DA GUGGURU: JAWABIN MALAMIN DABBOBI GA ƳAN KARATUN MANYA

 

Ran kasuwa yara suna sayen gugguru, suna ci, suna jefa ma kare. An tambaye ni ko wannan yana cutar da shi. Ga amsa.

Gugguru masara ce ko dawa da wuta ta fasa. Ba guba ba ne. In babu gishiri, babu sukari, babu mai, ɗan kaɗan ba ya yi ma kare komi. Amma na saidawa galibi da gishiri ko sukari ake yin shi. Gishiri mai yawa yana sa kare ƙishirwa da amai da zawo. Ƙwayar da ba ta fashe ba kuma tauri gare ta. Tana iya fasa haƙori, ko ta shaƙe ɗan kwikwiyo. Ku tsince ta tukuna. Kuma ku hana yara miƙa ma kare abinci a hannu, don gudun cizo.

Abin da ya fi gugguru haɗari shi ne totuwar masara. Kare yana haɗiye ta, ba ta narkewa, sai ta toshe hanji. Ya riƙa amai, ya ƙi abinci, ya kasa kashi. In ba a yi mashi aiki ba, mutuwa yake yi. Totuwa a sa ta wuta.

Ga waɗansu abubuwa huɗu da ba a ba kare:

1. Masara ko gujiya da ta yi fumfuna. Tana lalata hanta. Mutum ma kada ya ci.
2. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe. Suna ɓata jinin kare.
3. Ƙashin kaza dafaffe. Yana tsagewa, ya soki hanji.
4. Huhu ko hantar dabba mai ƙululun ruwa a ciki.

Ku riƙe na huɗun nan da kyau, musamman ran Layya. In kare ya ci shi ɗanye, tsutsa tana kama cikinshi. Ƙwan tsutsar yana fita cikin kashinshi, ya hau gashinshi. Yaro ya taɓa kare, ya ci tuwo bai wanke hannu ba, sai irin ƙululun nan ya tsiro cikin hantarshi ko huhunshi. Nama irin wannan a ƙone shi, ko a binne shi da zurfi.

To, mi za a ba kare? Sauran tuwo, ƙanzo jiƙaƙƙe, ɗan nono, nama dafaffe, da ruwa mai tsabta cikin kaskonshi na dabam. Kare mai yunwa shi ke kama kaji, shi ke yawon juji. Wanda ya ƙoshi yana tsaron gida da garke.

In karenku ya yi amai kwana 2, ku zo wurin malamin dabbobi. Ku gaya ma waɗanda ba su zo ba.

Allah shi ba mu lafiya, mu da bisashenmu.