Annoba Da Haƙƙin Dattawa A Kan Matasa

Wannan jawabi ne da aka gabatar ga 'yan'uwa matasa masu aikin sa kai na yankin 'Yargoje, da waɗanda suka zo daga Faskari da Sabuwa. 

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah (S) da iyalan gidansa da sahabbansa. 

'Yan'uwa, a watan Afrilun 2020 masu haƙar kabari ne suka fara gaya wa duniya cewa akwai abin da ke faruwa a Kano, tun mahukunta suna musu. Maƙabartar da ta saba karɓar gawa biyu ko uku a yini sai ga shi ana ta shigo da makara ba ƙaƙƙautawa. Sai a watan Yuni ne Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya faɗi sakamakon bincike, cewa an lissafa mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana ganin cutar korona ce sanadi. Mafi yawansu sun haura shekara 65, da ma kuma suna fama da wata larura. Fiye da rabi a gida suka cika, ba su kai asibiti ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Limamai ne, malamai ne, iyayen unguwa ne. A Amurka ma, duk da asibitocinsu, cikin mutum goma da cutar ta kashe a 2020 kusan takwas 'yan shekara 65 ne zuwa sama.

A jihar Katsina, wanda aka fara tabbatar da cutar a jikinsa likita ne a Daura, kuma ya riga ya rasu kafin Gwamna Aminu Bello Masari ya ba da sanarwa a farkon Afrilun 2020. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci kan korona a ranar 5 ga Mayun 2023, amma ƙwayar cutar tana nan, kuma ba ita ce annobar farko ba. Dattawan da suka riski kakanninsu sun ji labarin marisuwa, murar 1918, wadda ta sauka Legas ta jirgin ruwa, ta biyo hanyar jirgin ƙasa har Kano. Wata za ta sake zuwa. Shi ya sa ake wannan magana yanzu da hankali yake kwance.

To me aka gaya wa talaka a 2020? An ce masa ya zauna a gida, ya ba da tazara, ya wanke hannu da ruwa mai gudana. Wanda ya tsara wannan nasiha bai san yankin nan ba. A watan Yuni na shekarar 'yan bindiga suka shiga Kadisau ta ƙaramar hukumar Faskari suka kashe mutane masu yawa, mata da tsofaffi suka cika azuzuwan firamare suna gudun hijira. A Disamba aka kwashe ɗaruruwan ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da wasu ƙananan hukumomi, ko a kira ma'aikacin lafiya ba hali. Ita kanta 'Yargoje ta ga nata baƙin daren a Yunin 2024. Tsohuwar da ke kwana aji ɗaya da mutum talatin, wace tazara za ta bayar? Saboda haka ba abin mamaki ba ne da jama'a suka ce cutar masu kuɗi ce, su bindiga ce annobarsu. Fushinsu yana kan hanya. Amma ƙwayar cuta ba ta ɗaga wa mutum ƙafa don an zalunce shi, hasali ma wanda yunwa da gudu suka raunana shi ne ta fi saurin kayarwa.

Ga yadda abin yake aiki. Cutar tana fita ne ta numfashi, idan mai ita ya yi tari ko magana ko karatu da ƙarfi, sai ta tsaya a iskar ɗaki kamar yadda hayaƙin itace yake tsayawa idan an rufe ƙofa. Saurayi zai iya ɗauke da ita kwana biyu kafin ya ji ko ciwon kai, wani ma har ta bar shi bai sani ba. Shi ne ɗan acaɓa, shi ne mai zuwa cin kasuwa Funtuwa, shi ne mai dawowa daga cirani a Kano ko Abuja. Da ya sauka, ina zai fara nufa? Ɗakin tsoho. Ya durƙusa, ya kama hannu biyu, ya zauna hira har dare, a lokacin hunturu kuma ga taga a toshe, ga kaskon wuta. Ka ga ke nan ladabin ne ya zama hanyar cutar. Ɗan da ba ya gaida iyayensa bai kai masu komai ba, mai biyayyar ne ya kai.

Don haka nauyin yana kan matashi. Idan annoba ta shigo, wanda ya dawo daga tafiya ya gaida dattijo a tsakar gida ko gindin bishiya, daga ɗan nesa, ya rufe hanci da baki, ya yi kwanaki kafin ya shiga ɗakinsa. Mai tari ko zazzaɓi ya kwana wani wuri, ko da zaure ne. A ware mutum ɗaya mai lafiya wanda ba ya yawo, shi zai riƙa kai abinci da ruwan alwala. A sansanin gudun hijira, in ba a iya komai ba, a ware wa tsofaffi aji guda mai tagogi, a bar tagogin a buɗe, a ƙara masu bargo. Wannan bai kai kuɗin buhun masara ba.

Wani zai ce ai wannan gudun iyaye ne. A'a. Gudun iyaye shi ne a rufe tsoho a ɗaki a manta da shi, kuma an ga irin haka a gidajen tsofaffi na Turai, inda kaɗaici ya yi ɓarna tare da cutar. Abin da ake nufi shi ne jiki ya ja baya, hidima ta ƙaru. A je masa kasuwa, a nome masa gona, a wakilce shi wajen suna da ɗaurin aure.

Sai maganar masallaci, wadda ita ce ta fi zafi. Kowa ya tuna Kusada, inda a ƙarshen Maris na 2020 aka ƙona ofishin 'yan sanda bayan kama wani malami kan sallar Juma'a. Rikicin ya tafi kan a rufe ko kada a rufe, aka bar tambayar da ta fi amfani, wato wa ya kamata ya zauna a gida. Alhali littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaure sun daɗe da amsa ta. Rashin lafiya uzuri ne na barin Juma'a, haka tsufan da ya kai ga rauni, haka jinyar ɗan'uwa. Shari'ar da ta hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa shiga sahu don kada wari ya cutar da jama'a, ya za ta yarda mai tari ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da dattijo ɗan shekara 80? A annobar Amwas ta ƙasar Sham, shekara ta 18 bayan Hijira, an rasa Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, kuma masu tarihi sun kawo cewa ba ta lafa ba sai da aka umarci mutane su warwatsu kan duwatsu. Matsalar ita ce dattijon da ya shekara 50 a sahun farko ba zai ji wannan daga bakin ɗan cikinsa ba. A nemi liman ko sa'ansa ya gaya masa. Haka zaman makoki: a yi salla a fili, a rufe mamaci, amma kwana uku na cunkoso a zaure shi ke haifar da makoki na biyu.

Ba tsofaffi kaɗai ba ne. Mai ciwon suga, mai hawan jini, mai tarin fuka, mai ciwon ƙoda ko sikila, da mai juna biyu, duk suna cikin haɗari ko da shekarunsu kaɗan ne. Da yawa ba su ma san suna da larurar ba. Nan ne aikin 'yan sa kai yake tun yau: kowace unguwa a san gidajen da waɗannan mutane suke, a samu na'urar awon jini ko guda ɗaya, a tabbata mai shan magani yana da na wata guda a ajiye, domin ranar da hanyar Ƙanƙara ta toshe ba a san ranar buɗewarta ba.

Game da magani, kulorokwin da aka yi ta rububi an gwada shi, bai hana mutuwa ba. Wanda bincike a Ingila ya nuna a Yunin 2020 yana ceton rai shi ne deksametason, amma ga wanda ya kai ga buƙatar iskar oksijin, a hannun likita. Mai ciwon suga da ya saya a kemis ya sha, sugansa zai haura. Idan tsoho ya fara haki, ko ya rikice, ko ya daina ci da sha, kada a jira gobe. A kai shi babban asibitin Ƙanƙara ko Malumfashi ko Funtuwa da rana, tun hanya tana biyuwa, a tanadi mai mota da kuɗin mai tun kafin ranar.

Rigakafi kuma, ba wanda ya manta abin da kamfanin Pfizer ya yi da yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, saboda haka mai shakka ba jahili ba ne, kada a yi masa ba'a. Amma allurar korona da ta iso Nijeriya a Maris 2021 an yi wa ɗaruruwan miliyoyin mutane a duniya, har mahajjata, kuma inda amfaninta ya fi fitowa shi ne rage mutuwar tsofaffi. In ta yi ƙaranci, saurayi ya bar wa tsoho layi, ya goyo shi a mashin ya kai shi.

Kafin a tashi, wakilin kowace unguwa ya tsaya a rubuta sunansa, a raba gidajen.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.