Masana'anta Ta Tashi, Gubarta Tana Ƙarƙashin Ƙasa



Maganar da muka zo da ita yau maganar ruwa ce. Kowa ya san yawancinmu a nan Legas rijiya da burtsatse muka dogara da su, kuma 'yan garuwar da ke kai wa mutane ruwa gida-gida 'ya'yanmu ne. To, a wuraren Ikeja da Ogba akwai masana'antun da suka daina aiki, an mai da filayensu gidaje da coci-coci da rumbunan ajiya. Idan masana'anta ta tashi, injuna ne kawai ake kwashewa. Abin da aka yi shekaru ana zubarwa a ƙasa yana nan.

Wanda ya fi damunmu shi ne wani sinadari da ake wanke maiƙo daga jikin ƙarfe da shi, sunansa a taƙaice TCE. Yana da ɗan'uwa, PCE, wanda masu wankin kwat ke amfani da shi. Man fetur idan ya shiga rijiya yakan taso sama, a ga maiƙonsa, a ji warinsa. Shi kuwa wannan ya fi ruwa nauyi kusan sau ɗaya da rabi, saboda haka nutsewa yake yi, ya ratsa yashi har ya tarar da laka ko dutse ya kwanta. Daga nan sai ya riƙa narkewa kaɗan-kaɗan cikin ruwan da ke gangarawa ta ƙarƙashin ƙasa, shekara da shekaru. Ruwan garau, ba launi, sau da yawa ba ɗanɗano. Alif ba ya kama shi, tacewa da ƙyalle ba ta raba shi da ruwa. A shekarar 2012 masana cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, musamman na ƙoda.

Bari mu ba ku labarin wani ƙaramin gari a Amurka, mai suna Woban, kusa da Boston. Hukumar garin ta haƙa rijiyoyi biyu a 1964 da 1967, ta haɗa su da famfon gari. Sai a watan Mayu na 1979 aka auna, aka tarar da TCE har kashi 267 cikin biliyan a ɗaya daga cikinsu, alhali iyakar da dokar ƙasar ta sa daga baya kashi 5 ce. Aka rufe rijiyoyin. Amma kafin nan, tsakanin 1969 da 1979, yara 12 sun kamu da sankarar jini a garin da bisa lissafi bai kamata su wuce biyar ko shida ba. Iyalai takwas suka kai ƙara a 1982, kuma a 1986 kamfanin W.R. Grace ya sasanta da su a kan dala miliyan 8. Kuɗin gyaran wurin da aka ɗora wa kamfanoni a 1991 ya kusa dala miliyan 70.

Yaya ake gyaran? Da farko a haƙa ƙananan rijiyoyin awo kewaye da filin, wasu gajeru wasu masu zurfi, ba don sha ba. Daga su ake gane inda ruwan ƙasa ya nufa da iyakar inda gubar ta kai, a riƙa ɗiba ana aunawa lokaci-lokaci. Sannan a sa famfuna su zuƙo ruwan, a hura masa iska sinadarin ya fita, ko a bi da shi ta tankunan wani gawayi na musamman mai kama shi. Kai ka ce aikin wata shida ne, amma da zarar an kashe famfo sai abin da ya maƙale a laka ya sake fitowa. Shi ya sa akan kwashe shekaru gommai ana zuƙa. Mu ma a ƙasar nan mun ji irinsa: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya sami sinadarin benzin a rijiyoyin Ogale ta ƙasar Ogoni ya ninka ƙa'ida sau 900, ya kuma ce gyaran yankin zai ci shekara 25 zuwa 30.

Irin wannan gyara ya fi ƙarfin ƙungiyarmu, aikin hukuma ne, wato LASEPA ta jiha da NESREA ta tarayya. Awo dai bai fi ƙarfinmu ba. Sai dai a lura, gwajin da masu burtsatse suka saba yi na ƙwayoyin cuta ne da gishiri, ba ya neman TCE sai an ambace shi da suna. Kuma ba a jarka ake kai ruwan ba: ɗakin gwajin zai ba da 'yar kwalba, a cika ta taf ba kumfar iska ko ɗaya, a sa cikin ƙanƙara.

Abin da muke roƙo, kwamiti ya rubuta duk rijiya da burtsatsen da 'yan garuwarmu ke ɗiba. Dattawan da suka yi gadi ko leburanci a waɗannan masana'antu su faɗa mana inda ake wanke ƙarfe da ramin da ake juye durom. Rijiyoyin da ke gangaren waɗannan wurare da su za mu fara, kuɗin awon kuwa a tattauna shi a zama na gaba.