Kafin ku yarda da lambar na'ura, ku dafa jijiya

Da yawanku ku ke auna wa tsofaffinmu tansiyo a gida, daga Birni har Zango, da ƴar na'urar nan mai batir. To, bugun jini take bi ta fidda lamba. In zuciyar Baba tana tsalle, wani bugu da ƙarfi, wani kamar babu, sai ta nuna 12 yanzu, an jima 17. Kar ku zaɓi mai daɗin ji! Ku dafa jijiyar wuyan hannunsa minti guda. In bugun a hargitse yake, ku auna sau uku, ku rubuta duka, ku kai shi babban asibitin Damagaram, don irin wannan bugun kan jawo shanyewar ɓarin jiki. Kar a rage masa magani sai likita ya gani.