Jita-jita da rigakafi: abin da aikin Farfesa Heidi Larson ke koya wa magabata

 

Jawabina na yau ya shafi wata malamar jami'a, Ba'amurkiya, Farfesa Heidi Larson, wadda ta mai da jita-jita abin nazarinta. Ita ba likita ba ce. Ta yi karatu a jami'ar Harvard, sannan ta samu digirin dakta a Berkeley a shekarar 1990, a fannin nazarin al'adu da zamantakewar ɗan Adam. A farkon shekarun 2000 ita ke jagorantar sashen wayar da kai kan rigakafi a hukumar UNICEF. Tana kan wannan muƙami ne abin da ya faru a maƙwabtanmu ya faru.

A shekarar 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jahohin arewacin Najeriya, musamman Kano, bisa zargin cewa ɗigon na ɗauke da maganin hana haihuwa da ƙwayar cutar sida. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, bayan an kawo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Sakamakon haka cutar ta yaɗu, ta koma ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indunusiyar kanta. Ku da ke safara tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Damagaram da Kano, kun san magana ba ta tsayawa a duwan.

Masana da yawa sun ce jahilci ne kawai. Larson ba ta tsaya nan ba. Ruwa ba ya tsami banza. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji na yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga kuma tambayar da iyaye ke yi: don me ake bin mu gida-gida da ɗigon kyauta, alhali in masassara ko ƙyanda ta kama yaro, sai mu tarar babu magani a gidan likita?

Wannan darasi ne ya kai ta ga kafa shirin Vaccine Confidence Project a 2010, a makarantar nazarin tsabta da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan. Aikin shirin shi ne sauraron raɗe-raɗi tun suna ƙanana, da auna yardar jama'a kamar yadda ake auna zafin jiki. Binciken da ta jagoranta a 2016 cikin ƙasashe 67 ya ba da mamaki: ƙasar da ta fi kowa shakkar amincin rigakafi ita ce Faransa, ƙasar Pasteur, inda kashi 41 cikin 100 ba su amince ba. Ashe yawan boko ba ya maganin shakka. A 2019 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa ɗari-ɗari da rigakafi cikin manyan barazana 10 ga lafiyar duniya, kuma a 2020 Larson ta fitar da littafinta mai suna Stuck a kan wannan batu.

Abin da ya warware rikicin shan inna shi ne zama da sarakunan gargajiya da malamai da mata masu shiga gidaje, a ji kokensu kafin a ce su buɗe bakin ƴaƴansu. A 2006 aka fitar da Nijar daga jerin ƙasashen da cutar ta yi kaka-gida, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna.

Don haka, ya kai ma'aikaci, in talaka ya kawo maka tambaya, kada ka kore shi da faransanci. Amsa masa da harshen da yake ji, ka faɗa masa har da illar da magani ke iya yi. Kai kuma Alhaji, maganarka a tasha da kasuwa ta fi ta rediyo tafiya. Ka tantance kafin ka ɗora. Magabata kuwa su sani: hukumar da ta saba alkawarta abin da ba ta cikawa, ranar da annoba ta zo, ko gaskiya ta faɗa ba za a yarda ba, kuma ƴaƴanmu ne za su biya.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.