ASUSUN SAYEN BASHI: DARASI DAGA FAƊUWAR GREENSILL

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa masanin harkar kuɗi ya gabatar ga 'yan uwa matasa a zaman karatunsu na mako-mako. Mun rubuto muku shi kamar yadda ya zo. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, an nemi in yi bayani a kan wani nau'in zuba jari da ake tallatawa, wanda ake ce masa asusun sayen bashi. Ana cewa ribarsa tabbatacciya ce, kuma wai babu faɗuwa a cikinsa. To bari mu fara da sanin abin kansa tukuna.

Misali, wani ya kai wa babban kamfani kaya na Naira miliyan ɗaya, aka ba shi takarda aka ce ya dawo bayan kwana 90. Shi kuwa yana da ma'aikata da zai biya, ba zai iya jira ba. Sai ya ɗauki takardar nan ya kai wa mai sayen bashi, a ba shi dubu 970 a hannu. Ranar biya ta zo, mai sayen ya karɓi miliyan ɗaya cif. Dubu 30 ɗin nan ita ce ribar. In kuɗin ya juya haka sau huɗu a shekara, an tashi da wajen kashi 12 cikin 100 ke nan. To su masu asusun, kuɗin jama'a suke tarawa su sayi irin waɗannan takardu da yawa, su cire ladansu, su raba abin da ya saura.

A baki abin da daɗi. Amma ku ji abin da ya faru a Turai. Wani mutumin Ostareliya, Lex Greensill, ya kafa kamfani a Landan a 2011, ya sa masa sunansa. Aikinsa shi ne biyan masu kai kaya da wuri, ya bi manyan kamfanoni bashin daga baya. Takardun kuma sai ya ɗaure su dami-dami ya sayar wa wasu asusai guda huɗu na bankin Credit Suisse na ƙasar Suwizalan, waɗanda suka tara kusan Dala biliyan 10. Kamfanin SoftBank na Jafan ya zuba masa kimanin Dala biliyan ɗaya da rabi a 2019. Tsohon Firayim Ministan Birtaniya, David Cameron, shi ne ma mai ba shi shawara. Wa zai ga wannan ya yi shakka? Riba tana shigowa kaɗan-kaɗan ba fashi, masu jari suna ganin kamar kuɗinsu a ajiye yake a banki.

Ashe rijiya ce aka rufe da tabarma. Na farko, kaso mai yawa na bashin yana kan 'yan tsirarun kamfanoni ne, musamman kamfanonin ƙarfe na Sanjeev Gupta. Na biyu, wanda ya fi muni, wasu takardun ba na cinikin da aka riga aka yi ba ne, na cinikin da ake sa ran za a yi ne nan gaba. Wato babu kaya, babu wanda ya karɓa, amma an ba da kuɗi. Wannan kam rance ne tsagwaronsa aka sanya masa rigar ciniki. Na uku, duk ginin a kan inshora ya tsaya. Da kamfanin inshorar, wanda ke ƙarƙashin Tokio Marine, ya ƙi sabunta lamunin Dala biliyan 4.6, ranar 1 ga Maris 2021 Credit Suisse ya rufe asusan, ba mai cire ko sisi. Ranar 8 ga Maris Greensill ya durƙushe. Bankinsa da ke Bremen a Jamus hukuma ta rufe shi, wasu ƙananan hukumomin ƙasar da suka yi ajiya a ciki kuɗin talakawansu ya maƙale.

Daga baya an samo sama da Dala biliyan 7, amma wajen biliyan 2.3 ya tsaya a hannun kamfanoni uku: na Gupta, da Bluestone mai haƙar kwal a Amurka, da Katerra na gine-gine. Shi kansa Credit Suisse, bankin da aka kafa tun 1856, wannan na cikin abubuwan da suka zubar masa da mutunci, har UBS ya haɗiye shi a 2023. Sai a 2024 UBS ya yi wa masu jarin tayin cika musu kashi 90 cikin 100 na dukiyarsu. Shekara uku suna jira ke nan, alhali ce musu aka yi duk lokacin da suka so za su iya cirewa.

Kun ga ke nan, 'yan uwa, ribar da ba ta hawa ba ta sauka, ba dalili ba ce na lafiya. Takardun nan ba a kasuwa ake yi musu farashi ba, mai asusun ne yake rubuta darajarsu da hannunsa. Muddin wanda ake bi bai fito ya ce ya kasa ba, littafi zai ci gaba da nuna riba. Har ma akan ba shi sabon bashi ya biya tsoho, don kada asiri ya tonu. Kuma ribar 'yar kaɗan ce, asarar kuwa uwar kuɗi take ci. A misalinmu na ɗazu, takarda ɗaya ta lalace, ribar takardu sama da 30 ta tafi. Sannan asusun yana ɗorewa ne matuƙar masu shiga sun fi masu fita. Ranar da kowa ya ce a ba shi nasa, babu inda za a samo.

Sai ɓangaren da ya fi damunmu. Sayar da bashin miliyan ɗaya a kan dubu 970, kuɗi ne aka saya da kuɗi, da ƙari, da jinkiri. Mafi yawan malamai sun ce wannan riba ce wadda Allah (T) ya haramta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke haka a zamanta na Jidda a 1992, dangane da sayen takardun bashi da rangwame. Wasu malaman Maleshiya sun sauƙaƙa, amma ba su ne masu rinjaye ba. Kuma ba a rufe wa ɗan kasuwa ƙofa ba. Akwai ƙiradi, akwai tarayya, akwai salam, inda mai kuɗi yake shiga cinikin kaya na haƙiƙa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, da rubuta shi, da kafa masa shaidu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa ba abin wasa ba ne.

Saboda haka duk wanda ya zo maka da irin wannan, ko da ya laƙa masa sunan Musulunci, ka tambaye shi. Su wane ne ake bi bashin, kuma nawa ne a kan mafi girmansu? An kai kayan ko ba a kai ba, wa ya tabbatar? In wanda ake bi ya kasa, wa zai ɗauki asarar? Wace hukuma ce ta yi wa asusun rajista? In ya fara kame-kame, ko ya ce ka yi sauri kada a rufe, kama gabanka. Masu jarin Credit Suisse attajirai ne masu lauyoyi, da kyar suka tsira da kashi 90. Kai da ka tara naka a bakin injin ɗinki ko a kan babur, wa zai tsaya maka? Kuma kada ɗan uwa ya ja ɗan uwansa cikin abin da shi ma bai fahimta ba, domin in ta ɓaci ba kuɗi kaɗai ake rasawa ba, har da amana da zumunci.

Allah ya azurta mu da halal, ya tsare mu daga haram. Wa sallallahu ala Muhammadin wa alihi wa sallam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.