JAWABIN SHUGABAR MATA: A GYARA UNGUWA, AMMA KADA A KORI 'YAN UNGUWA



Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na mazaɓu, sannunku da ƙoƙari.

Dukkanmu muna son a kwashe bola, a gyara kwata, a dasa itatuwa, a yi wa yaranmu wurin wasa. Mu ne muka fi shan wahalar sauro da zafin bazara. To amma akwai abin da ke biyo bayan gyara: da zarar unguwa ta yi kyau, sai dillalai su shigo, kuɗin haya ya tashi. Bazawarar da ta shekara ashirin a ɗaki ɗaya sai a ce ta ƙara kuɗi ko ta tashi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan.

Wannan ya faru a birnin Atlanta na Amurka. A 2005 aka amince a mayar da tsohon layin dogo mai tsawon kusan kilomita 35 hanyar shaƙatawa mai lambuna, ana kiransa BeltLine. Aka yi alkawarin gidaje 5,600 masu sauƙin kuɗi. Lambuna suka fito, farashin gidaje ya hau, alkawari ya ja baya. A 2016 Ryan Gravel, wanda tunanin aikin ya fito daga gare shi, ya ajiye kujerarsa a kwamitin da ke tallafa wa aikin saboda wannan.

A Washinton kuwa, masu shirin lambu a kan gadar kogin Anacostia sun fara da mutane. Tun 2015, kafin gini, suka rubuta tsarin kare mazauna, aka kafa ƙungiyar amana da ke riƙe filaye don farashin gidajen ya tsaya daidai ƙarfin talaka.

Mu nan gida, ku riƙe wannan: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyya kuma ta mai riƙe da filin ce, a kan gini da amfanin gona. 'Yar haya da mai tuyar ƙosai a bakin titi, su ne kan tashi a tutar babu.

Don haka duk mazaɓar da aka kawo irin wannan aiki, ga abin da za mu nema tun kafin a kawo katafila:

1. A ƙirga kowa, har 'yan haya da masu ƙananan sana'o'i, a gaban mai unguwa.
2. A biya diyya ko a ba da matsuguni kafin rusau.
3. A ware wa matan unguwar rumfuna a sabon wurin, da sunayensu a rubuce.
4. A sa 'ya'yanmu aikin shuka da ban ruwa.
5. Idan kuɗin Bankin Duniya ne, ƙa'idarsa ta tanadi tallafi har ga marasa takardar fili. Ku nemi ganin tsarin sake tsugunarwa.

Masu gida kuma, don Allah kada ku yi saurin sayarwa. Ku adana takardunku, 'yan haya ku adana rasit.

Ko gwamnatinmu ce ta kawo aikin, za mu faɗa mata, domin mu ne muka bi gida-gida neman ƙuri'ar matan nan, mu ne kuma za mu koma mu haɗa ido da su. Kowace shugaba ta zauna da kansilanta a wannan makon, ta turo mana rahoto.

Allah Ya yi mana jagora. A tura wa sauran zaurukan mata.