Masu Karatu da Labaran Raɗaɗi

Tun da Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da littafinta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, labarin Rabi wadda mijinta ya kora da 'ya'ya 9 har ta koma sayar da abinci don ta riƙe su, ra'ayin masu karatu ya rabu. Mata da yawa sun ga rayuwarsu a ciki, suka sami sassauci, domin abin da suka daɗe suna haɗiyewa da sunan haƙuri an faɗe shi a fili. Wasu kuwa sun ɗauki Adabin Kasuwar Kano, wato ƙagaggun labarai irin wannan da marubuta ke buga wa kansu, a matsayin tonon asirin gida, zargin da ya kauce wa ainihin ciwon, wato sakin wulaƙanci da watsi da 'ya'ya.